Darasi na 14: Ƙara wa A-kori-kura Mai Gas Ƙarfin Inji, A Yi ko A Bari?

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana inda ƙarfin injin gas yake fitowa;
2. lissafa hanyoyin da ake bi a ƙara wa inji ƙarfi bayan ya bar kamfani;
3. faɗin sassan mota da nauyin wannan ƙari yake faɗawa a kansu;
4. yin lissafin riba da asara kafin ya miƙa wa makanike kuɗinsa.

Gabatarwa

A-kori-kura mota ce ta neman abinci. Ita ke kwaso buhunan masara daga ƙauye zuwa kasuwar Dawanau, ita ke fito da albasa daga gonakin Galmi, ita ke kai taki da siminti da marasa lafiya inda babbar mota ba ta shiga. Wadda aka fi sani a ƙasashenmu ita ce Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, sai kuma Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya. A Najeriya da yawa daga cikin Hilux fetur suke sha. Wannan darasi bai shafe su ba. Maganarmu a kan masu shan gas ce, wato dizal.

Sana'ar ƙara wa irin waɗannan motoci ƙarfi ta fi kafuwa a Amurka da Ostiraliya da Tailan da Afirka ta Kudu, inda akwai shaguna da ba su da wani aiki sai wannan. Yanzu kuma ta iso garejinmu. Za ka ga makanike da kwamfutar tafi-da-gidanka yana cewa zai taɓa ƙwaƙwalwar motarka ta ƙara doki 30 ko 40, wani kuma ya nuna maka ƙaramin akwati da aka yi odarsa daga waje. Yawanci ba ƙarya suke yi ba, ƙarfin yana ƙaruwa. Abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba shi ne inda ƙarin yake fitowa da kuma wanda zai biya kuɗinsa daga baya.

1. Daga ina ƙarfin injin gas yake fitowa?

Wani injiniya Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ne ya ƙirƙiro wannan inji, kuma na farko da ya yi aiki sosai an kammala shi a garin Augsburg a 1897. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba shi da filogin da ke kyasta wuta. Fistin ne yake matse iska a cikin silinda har ta koma kashi ɗaya cikin 15 zuwa 22 na girmanta. Matsin yana sa zafin iskar ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos. Daidai wannan lokaci nozul ke fesa mai, man ya kama da kansa, ya tura fistin ƙasa da ƙarfi.

Ke nan abu uku ne ke haifar da ƙarfi: yawan man da aka fesa, yawan iskar da ta shiga, da lokacin da aka yi feshin. Idan aka ƙara mai ba a ƙara iska ba, man ba zai ƙone duka ba. Ragowar ita ce baƙin hayaƙin da ke fita ta salansa, kuma zafin cikin inji zai tashi.

Don a samu ƙarin iska aka ƙirƙiro turbo. Hayaƙin da ke fita daga inji ne yake juya wata farfela, ita kuma ta juya wata da ke cusa iska ciki. Iskar da aka matse takan yi zafi, shi ya sa ake bi da ita ta intakula, wadda ke kama da lagireto, ta huce kafin ta shiga inji.

Tsofaffin injina irin 5L na Hilux da 1HZ na Land Cruiser ba su da turbo, kuma famfo ne ke raba musu mai. Na zamani, irin 2KD da 1KD da 2GD da 1GD, suna tara mai ne a bututu guda a ƙarƙashin matsi mai tsanani, wanda a wasu yakan kai bar 2,000 ko ya wuce. Iskar da ke cikin tayar mota ba ta cika wuce bar 2 zuwa 3 ba. Kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ke yanke yawan man da za a fesa da lokacin feshin.

Ana auna ƙarfin inji ta hanya biyu. Ƙarfin doki yana nuna yawan aikin da inji ke yi cikin lokaci, kuma shi ya fi shafar gudu. Ƙarfin murɗawa, wanda ake rubutawa da Nm, shi ne ke tayar da mota daga tsaye da lodi, ya kuma haurar da ita tudu. Mai ɗaukar kaya ya fi buƙatar na biyun.

2. Hanyoyin da ake bi

Ta farko ita ce sake rubuta umarnin birenbos. Ana haɗa kwamfuta da motar a canja lambobin da kamfani ya sa, ta yadda za a ƙara mai da matsin turbo. Idan gwani ya yi, yakan daidaita mai da iska tare. Idan wanda ya sauko da fayil daga intanet ne ya ɗora, babu tabbas ko don irin injinka aka rubuta shi.

Ta biyu ita ce ƙaramin akwati da ake maƙalawa a jikin wayoyin inji. Yawancin masu araha yaudarar birenbos suke yi. Sukan gaya masa cewa matsin mai ya yi ƙasa da yadda yake, shi kuma sai ya ƙara matsin. Ƙarfi zai ƙaru, amma famfo da nozul suna aiki fiye da ƙimarsu ba tare da birenbos ya sani ba.

Ta uku ta tsofaffin injina ce, wato buɗe famfo. Makanike ya murɗa sukurun mai, motar ta ƙara ɗan kuzari, ta kuma fara tuƙa hayaƙi.

Ta huɗu ita ce canja ƙarfe: a sa turbo a injin da ba shi da ita, ko a sa babba a madadin ƙarama, a ƙara girman intakula da salansa da nozul. Wannan ita ta fi tsada.

Ta biyar ita ce cire na'urorin tace hayaƙi, wadda za mu yi bayaninta a sashe na 6.

Akwai kuma wata na'ura da ake haɗawa da totur. Wannan ba ta ƙara ko doki ɗaya. Abin da take yi shi ne ta sa ɗan takun da ka yi ya zama kamar ka taka sosai, sai ka ji kamar motar ta ƙara lafiya.

3. Me ya sa kamfani bai saki duk ƙarfin ba?

Masu tallar wannan aiki sukan ce kamfani ya ɓoye ƙarfi a cikin inji, su kuma sakinsa kawai suke yi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Kamfani yakan bar ragowa da gangan, domin mota ɗaya ce za a sayar wa mai tuƙi a sanyin Turai da mai tuƙi a zafin Agadas, mai samun tataccen mai da mai sayen na jarka, mai juye baƙin mai a kan lokaci da mai mantawa. Wannan ragowa kamar hatsin da manomi ke bari a rumbu ne saboda shekarar da damina ta ƙi. Wanda ya cinye shi a shekarar albarka zai ji daɗi, amma ba shi da abin kamawa ranar da abubuwa suka cuɗe.

Mu dubi yadda kamfanin da kansa yake yi idan zai ƙara ƙarfi. A 2015 Toyota ta fito da injin 1GD mai lita 2.8, yana ba da doki 177. A 2020 ta ɗaga shi zuwa doki 204. Ba lambobin birenbos kaɗai ta canja ba. Ta sa turbo mafi girma, ta gyara hanyar sanyaya inji, ta kuma ƙarfafa wasu sassa na ciki. Abin lura shi ne, motar mai giyar otomatik ta samu ƙarfin murɗawa Nm 500, amma mai giyar hannu an tsayar da ita a Nm 420, alhali injin ɗaya ne. Injin zai iya ba da 500, amma abin da ke bayansa, wato kuloci da giya, aka duba.

Misali na biyu shi ne 1HZ, mai silinda 6 da lita 4.2, wanda ya fito a 1990 yana ba da doki wajen 130. Toyota ta yi masa ɗan'uwa mai turbo, 1HD-T, mai girma ɗaya da shi. Sai dai a mai turbo ɗin an rage matsin silinda daga wajen 22 zuwa wajen 18 da rabi, an canja fistin, an canja kan inji da yadda ake fesa mai. Wanda ya ɗaura turbo a kan 1HZ ya bar komai yadda yake, ya tsallake duk wannan aiki ke nan. Ana yi, kuma wasu motocin suna daɗewa, amma sai an tsaya a ƙaramin matsi kuma direba yana lura da zafi.

4. Sassan da ke ɗaukar nauyin ƙarin

Zafi. Wannan ne babban maƙiyin injin da aka ƙara wa mai. Fistin na yawancin waɗannan motoci da alminiyom ake yin sa, kuma alminiyom yana narkewa a digiri 660. Abin da ke hana fistin narkewa shi ne baƙin mai da ruwa suna kwashe zafin da sauri. Makanikai da yawa suna ɗaukar wajen digiri 700 a matsayin iyakar zafin hayaƙi kafin ya shiga turbo, idan za a daɗe a haka. Mota mai lodi a doguwar hawa, an taka totur har ƙasa, tana iya wuce wannan. Haɗarin shi ne allurar zafi da ke gaban direba zafin ruwa take nunawa, kuma ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi. Kafin allurar ta motsa, fistin na iya tsagewa, ko gaskit ya ƙone, ko turbo ta lalace.

Kuloci da giya. An ƙera kuloci ne ya riƙe wani adadi na ƙarfin murɗawa. Idan aka wuce, zai fara sulɓewa, musamman a giya ta 4 da ta 5: inji na ƙara kuka amma gudu bai ƙaru ba. A giyar otomatik kuma man giya ne ke yin zafi ya lalace da wuri.

Birki da lodi. Mutane da yawa suna neman ƙarin ƙarfi ne don su ƙara kaya. Hilux an yi ta ne ta ɗauki wajen tan ɗaya, wato buhu 10 masu kilo 100, har da nauyin mutanen da ke ciki. Ba inji ne ya sa wannan iyaka ba. Birki ne da safirin da gindin mota da tayoyi, kuma babu ɗayansu da ke ƙara ƙarfi don an taɓa birenbos. Game da gudu kuwa, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa. Gudun kilomita 80 sau 80 ya ba da 6,400. Gudun 100 sau 100 ya ba da 10,000. Ƙarin kilomita 20 kacal ya tsawaita nisan tsayawa da fiye da rabi. A tuna kuma cewa tun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya take tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu.

Garanti da ciniki. Idan motar sabuwa ce, dila na da damar ƙin gyara injin da aka taɓa, kuma a motocin zamani sau da yawa ana iya gane an taɓa ko da an mayar da tsohon fayil. Kamfanin inshora ma na iya yin gardama idan ba a sanar da shi ba. Ranar sayarwa kuma, mai saye da ya san mota ya fi son ya ji an ce inji yana nan yadda ya zo.

5. Zafinmu, ƙurarmu da manmu

Bidiyoyin ƙara ƙarfi da ake gani a waya yawanci an ɗauke su ne a ƙasashen da yanayinsu ba namu ba ne. Abu uku ne suka bambanta mu da su.

Na ɗaya, zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato da Maiduguri da Tawa yakan wuce digiri 40. Lagireto da intakula da iskar waje suke sanyaya inji, don haka idan iskar kanta mai zafi ce, aikinsu ya ragu tun kafin a ƙara komai.

Na biyu, ƙura. Wasu sukan cire matatar iska ta kamfani su sa wata mai manyan ƙofofi don inji ya ƙara shaƙa. A hanyar burji ko lokacin hunturu, abin da ke ƙara shiga har da yashi. Yashi kuwa yana cin farfelar turbo, yana goge ringi da bangon silinda, sai mota ta fara shan baƙin mai.

Na uku, mai. Farar wuta, wato salfa, da ke cikin gas tana gurɓata baƙin mai da wuri, tana kuma toshe na'urorin tace hayaƙi. A Turai tun 2009 ba a yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A Najeriya an daɗe ana yarda da har kashi 3,000. A Disamba 2016 Najeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka amince su rage zuwa 50, sannan a 2020 ƙungiyar ECOWAS ta sa wannan ma'auni ga ƙasashenta, ko da yake aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Ban da salfa, akwai gas ɗin da aka gauraya da kananzir ko wanda ruwa ya shiga. Gas ne da kansa yake zame wa famfo da nozul man shafawa, kananzir kuwa ba shi da santsin da zai yi wannan aiki. Nozul da aka ƙara wa matsi sannan aka ba shi irin wannan mai, kwanansa ya ƙare da wuri. Idan kuma ya fara ɗiga a maimakon feshi, yana iya huda fistin.

Saboda irin waɗannan dalilai ne Toyota ta ci gaba da sayar da 1HZ da 5L a Afirka shekaru bayan an daina sayar da su a Turai, kuma ƙungiyoyin agaji da ke aiki a daji da hamada suka ci gaba da sayensu. Ba su da gudu, amma suna jure mai maras kyau, kuma makaniken ƙauye na iya gyara su.

6. Hayaƙi, lafiya da doka

Motocin gas na zamani suna zuwa da na'urori har uku na rage guba. EGR tana mayar da wani kashi na hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙuna. DPF matata ce da ke kama kunkunniya a cikin salansa. Ta uku tana fesa wani ruwa mai sinadarin yuriya, wanda ake sayarwa da sunan AdBlue. Motocin da aka shigo da su na hannu daga Turai sukan zo da su, kuma DPF takan toshe a nan saboda mai ko saboda gajerun tafiye-tafiye a cikin gari. Shi ya sa wasu ke cirewa.

A Amurka cirewar laifi ce. A 2020 hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta ƙiyasta cewa an cire waɗannan na'urori daga a-kori-kura masu gas fiye da 550,000 cikin kimanin shekara 10. Hukuncin bai tsaya kan ƙananan shaguna ba. A Disamba 2023 kamfanin ƙera injina na Cummins ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.675 saboda manhajar kauce wa ƙa'idar hayaƙi da aka ce an sa a injinan motocin Ram fiye da 600,000.

Ko da babu mai kama ka, illar tana nan. A 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin huhu. Masu shaƙarsa su ne yaran mota da ke zaune a baya, da mai achaba da ke bin ka, da mai tuyar ƙosai a bakin tasha. Idan DPF ta toshe, a fara neman a wanke ta, a kuma gano abin da ya toshe ta.

7. Nemo ƙarfin da ya ɓace tukuna

Karanta wannan tattaunawa da aka shirya don darasi.

Mai mota: Malam, motar nan ta mutu. Da buhu 10 nake hawa tudun nan a giya ta 3, yanzu sai na dawo ta 2. An ce kuna da kwamfutar ƙara ƙarfi.

Makanike: Akwai, Alhaji. Amma yaushe rabon da a canja filtar gas?

Mai mota: Gaskiya an kwana biyu.

Makanike: Ta iska fa?

Mai mota: Yaro yana kakkaɓe ta.

Makanike: To, ranka ya daɗe, bari mu fara da waɗannan. Ga kuma tiyon turbo ya tsage, ka ga inda mai ke tsattsafowa, iska tana zurarewa ta nan. Idan na ƙara mata mai a haka, hayaƙi kawai za ka ƙara saya da kuɗinka.

Mai mota: Wato ba za ka taɓa birenbos ɗin ba ke nan?

Makanike: Mu gyara, ka je ka gwada tudun. In har yanzu ba ta yi maka ba, sai mu zauna mu yi magana.

Yawancin motocin da ake kukan ba su da ƙarfi, asarar wanda suka zo da shi suka yi. Abubuwan da ake dubawa su ne: filtar gas da ta iska, tiyo da mahaɗan turbo, nozul da famfo, kunkunniyar da ta taru a hanyar shigar iska, lagireto da intakula da laka ko ciyawa ta toshe, birkin da ke kamawa, kulocin da ya cinye, da iskar taya. A duba girman taya ma. Wanda ya sa tayoyin da suka fi na kamfani girma ya rage wa motarsa ƙarfin tashi da hannunsa.

Tsayin ƙasa ma yana da tasiri. Injin da ba shi da turbo yana rasa wajen kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 100 na hawa, saboda iska tana raguwa. A Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, asarar ta kai kusan kashi 12. A tsaunin Mambila ta fi haka. Wannan ba lalacewa ba ce, kuma buɗe famfo ba zai magance ta ba, tunda iska ce ta yi ƙaranci, ba mai ba.

8. Lissafi

Masu talla sukan ce motar za ta rage shan mai. Yana yiwuwa ta ɗan rage idan aikin ya yi kyau kuma direba bai canja tuƙinsa ba. Amma wanda ya biya kuɗi don ƙarfi, da wuya ya ƙi taka shi. Kada kuma ka dogara da lambar da allon mota ke nunawa, domin akwatin da ke yaudarar birenbos yana sa lissafin allon ya zama ba daidai ba. Hanya mai tabbas ita ce ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka yi tafiya, ka sake cikawa, ka raba.

Ga misali da lambobin da muka ɗauka don koyo. A ce motarka tana shan lita 10 a kilomita 100, kana yin kilomita 3,000 a wata, lita kuma naira 1,000 ce. Man wata lita 300 ne, wato naira 300,000. A ce aikin ƙara ƙarfi naira 300,000 ne.

Idan shan mai ya ragu da kashi 5 cikin 100, ka tsira da lita 15, wato naira 15,000 a wata. Sai bayan wata 20 kuɗinka zai dawo, in babu abin da ya lalace.

Idan kuma shan ya tashi zuwa lita 11 da rabi, man wata ya zama lita 345. Ƙarin lita 45 naira 45,000 ne a wata, naira 540,000 a shekara. A kan wannan sai ka ɗora kuɗin kuloci, da juye baƙin mai akai-akai, da kwanakin da motar za ta yi a gareji ba ta kawo ko kwabo.

9. Wa ya dace ya yi, kuma da wane sharaɗi?

Idan motar ita ce jarinka, tana ɗaukar kaya kullum, tana shiga inda babu gwanin makanike, kuma ba ka da tabbacin man da kake sha, amsar ita ce a bari. Kuɗin ya fi amfani a filta ta asali, da ƙarin matatar da ke raba ruwa da gas, da birki da tayoyi masu kyau. Idan kayanka sun fi ƙarfin motar, babbar mota kake buƙata, ko sawu biyu.

Wanda ke da lafiyayyar mota wadda garantinta ya ƙare, yana samun mai mai kyau, kuma yana da halin gyara in abu ya faru, yana iya yi bisa waɗannan sharuɗɗa:

1. A gwada lafiyar inji da nozul da turbo kafin a taɓa komai.
2. A fara sa agogon auna zafin hayaƙi, a gyara lagireto da intakula.
3. A tsaya a ƙaramin ƙari, kuma a ƙara iska tare da mai.
4. A ajiye fayil ɗin asali na birenbos a hannun mai mota.
5. A bar matatar iska ta kamfani da na'urorin tace hayaƙi.
6. Idan baƙin hayaƙi ya biyo bayan aikin, aikin bai yi ba, a koma.
7. Bayan doguwar tafiya a bar inji ya yi minti 1 ko 2 yana aiki a tsaye kafin a kashe, don turbo ta huce.

Taƙaitawa

Ƙarfin injin gas daga mai da iska da lokacin feshi yake fitowa. Ana iya ƙara shi, amma ƙarin yana zuwa da zafi da matsi a kan fistin da turbo da nozul da kuloci, kuma ba ya ƙara wa birki ko safirin komai. Zafi da ƙura da ingancin mai a ƙasashenmu sun riga sun ci wani kashi na ragowar da kamfani ya bari. Ga motar neman abinci, gyara ya fi ƙari riba.

Tambayoyi

1. Me ke kunna mai a injin gas tunda ba shi da filogi?
2. Me baƙin hayaƙi ke nunawa game da mai da iska?
3. Me ya sa Hilux ta 2020 mai giyar hannu take da Nm 420, mai otomatik kuma 500?
4. Kawo dalilai uku da suka sa ƙara ƙarfi ya fi haɗari a ƙasashenmu.
5. Mota tana shan lita 12 a kilomita 100, tana yin kilomita 2,500 a wata. Lita nawa take sha? Idan shan ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, lita nawa aka ƙara?

Aikin gida

Ka samu direba ko mai a-kori-kura a unguwarku, ku auna shan man motarsa ta hanyar cika tanki sau biyu kamar yadda aka nuna a sashe na 8. Ka tambaye shi yaushe aka canja filtar gas da ta iska, da kuma buhu nawa yake ɗorawa. Rubuta amsoshin a littafinka, ka zo da su aji mako mai zuwa mu yi lissafin tare.